Faifan Inna da Cajar Yaya

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, mu kuma a gidanmu na Lakwaya, inda kakanninmu suka jingine sandar kiwo suka kama fartanya, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Da aka yaye shi kakarmu ce ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ɗakin da bai fi taku ashirin daga na Inna ba. In ta dama fura tana son ya sha, sai ta rufe ƙwaryar da faifai ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce da iska, "Ga fura nan in da mai sha." In kuwa ya yi laifi, ni take yi wa faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Ni ce auta, babu wannan shingen tsakanina da ita. A jikinta nake cin tuwo har na shiga aji shida, kuma duk abin da ya zo bakina faɗa mata nake yi. Yayyena mata uku an kai su ɗakunansu tun ina ƙarama. Baba ya rasu ina sakandare, kakarmu ta bi shi bayan damina biyu. Saboda haka aikin aike ya faɗo kaina. Muna tsakar gida ɗaya mu uku, Inna za ta ce, "Auta, ki ce wa mutumin nan rigarsa ta bushe." Shi kuma yana tsaye a gindin darbejiya, ya ji sarai, amma sai ya jira na juyo na maimaita, sannan ya ce, "Ki ce na gode." Ina yi ina ƙunƙuni, wani lokacin har in ƙara gishiri don in ga ko ɗayansu zai ƙaryata ni. Ba wanda ya taɓa yi.

Karatu ya ɗauke Yaya daga Gwarzo zuwa Kano, daga Kano zuwa wata ƙasa mai sanyi wadda Inna ba ta taɓa yarda ta koyi sunanta ba. "Can" kawai take cewa. Ni kuma na gama nawa karatun na kama koyarwa a wata firamare a Gwarzo, ina tafiya da safe a bayan ɗan acaɓa ina dawowa da azahar. Kowace Juma'a bayan la'asar Yaya yana kiran wayata. Sai in buɗe muryar in ajiye a kan tabarma, Inna kuma ta ɗauko kwanon gyaɗa ta zauna can nesa kaɗan, ta ba mu baya tana ɓara. Ya ce, "Auta, ya jikin Inna?" In ɗaga murya in ce, "Inna, ya jikinki?" Ta ce, "Ki ce da sauƙi." Na lura duk lokacin da yake magana hannunta yana tsayawa, sai ya yi shiru ɓarar gyaɗar take ci gaba.

A irin waɗannan Juma'o'in na san aikin da yake yi. Wai su can suna neman yadda motar lantarki za ta sha caji ba tare da an jona mata igiya ba. Na ce masa ya yi min bayani irin wanda zan iya yi wa 'yan aji biyar, in ya kasa to shi ma bai gane ba.

Ya yi dariya ya ce, "Kin san gammo? To ki ɗauka an naɗa zaren jan ƙarfe kamar gammo, babba, an binne a ƙarƙashin kwalta. An naɗa wani an manna a cikin motar ta ƙasa. In wuta tana kai da komo cikin na ƙasan, ƙarfin maganaɗisu yana tashi daga gare shi, na saman ya kama shi ya mai da shi wuta, ta shiga batir. Ba sa taɓa juna. Bas ta tsaya a tasha tana ɗaukar mutane, kafin kwandasta ya gama kiran fasinja ta sha abin da zai kai ta tasha ta gaba."

Na ce, "Kuma yana yi, ko dai labari ne?"

Ya ce, "Yana yi. Na gani da idona, na auna da hannuna. Abin da ya rage shi ne tsada, da tonon titi, da direban da zai tsaya daidai kan gammon. In ya kauce, rabin aikin ya tafi."

Daga bayanmu Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ki tambaye shi, wutar ba ta zubewa a hanya?"

Da alama daɗin tambayar ya kama Yaya, don ita ce ta farko da ta taɓa yi a kan aikinsa. Ya ce, "Ki ce tana zubewa. Kaɗan in suna kusa, da yawa in sun yi nisa. Abin da ya zube zafi yake zama. Ki ce wannan tambayar ita muke kwana muna tashi da ita." Na maimaita mata kalma da kalma, ranar ban ƙara komai ba. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da ɓararta.

Tun daga ranar hanyar Gwarzo ta canza min. Ina bayan ɗan acaɓa da safe, hayaƙi na shiga mayafina, sai in lumshe ido in ga titin a shimfiɗe sumul, gammaye a jere a ƙarƙashinsa har Kabo, har Kano. In ga doguwar mota fara tana tafe ba ƙara ba hayaƙi, mata masu kai nono kasuwa suna ciki da ƙorensu a cinya, ko ɗigo bai zuba ba. Motar tana wucewa ta tsakiyar gonakin dawa, ana jin kukan kurciya daga ciki. Ba layin mai, ba wanda ya sauka yana tura mota a kan tudu. Haka zan yi ta tafiya cikin motar nan har sai ɗan acaɓan ya faɗa rami haƙorana sun haɗu, in buɗe ido in yi masa tsawa ya kula da hanya.

Sai aka sa ranar aurena. Angon malamin makaranta ne shi ma, mutumin Gude ta ƙasar Kabo, kuma ni na kawo shi da kaina. An ce biki sai bayan an kai amfanin gona gida. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, amma ranar Juma'ar da na gaya wa Yaya, bayan ya gama sa albarka sai ya ce in rufe muryar in kara wayar a kunnena. Na tashi na koma soro.

Ya ce, "Auta, in kin tafi shi ke nan na daina jin ta."

Gaskiya ya faɗa. Inna tana da wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, amma kullum a mace take. Akwai sola a gidan, Yaya ne ya sa aka kafa kafin ya tafi, faranti ɗaya a kan rufi da batir a ɗakin Inna. Matsalar wajen jona igiyar ce. Inna tana cusa bakin caja a juye, da ƙarfin hannun da ya saba ɗaure dabba, har ta karya ramin cajin sau biyu. Daga baya ta ma daina gwadawa. In yayyena mata suka yi ƙorafin ba sa samunta, sai ta ce, "Ba caji," kamar wadda ta sami mafita. Su dai suna zuwa suna da biki su gan ta. Shi kuwa muryarta ta ranar Juma'a ita kaɗai gare shi, ita ma ta bakina take bi.

Bayan 'yan makonni wani abokinsa da ya zo hutu ya kawo saƙo har makarantarmu. Sabuwar waya ce, da wani abu baƙi, zagayayye, faɗin tafin hannu, mai igiya ɗaya a gefe. Yaya ya ce igiyar a jona ta da batirin sola sau ɗaya a manta da ita. Daga nan sai dai a ɗora waya a kai kawai. Ba cusawa, ba juyawa. Ya ce ƙanin abin da suke binnewa a titi ne, gammo ɗaya a cikin abin, ɗaya a bayan wayar.

Na kai wa Inna ina rawar jiki. Ta kalli kwalin ta gefen ido ta ce, "Ajiye a can." Na sa layinta a sabuwar wayar, na jona abin a kan ɗan teburin da ke kusa da jeren kwanukanta, na ɗora wayar, wata 'yar fitila koriya ta kama. Na ce, "Kin gani? Ɗorawa kawai. In ta yi ƙara ki ja koren nan da yatsa." Ta ce ta gani, alhali bango take kallo.

Kwana uku bayan haka wayar ta mutu murus. Na duba igiya, lafiya. Na duba batir, a cike. Wayar tana nan a inda na ce a riƙa ɗora ta, a tsakiya daidai, har an goge mata ƙura. Raina ya ɓaci, na kira Yaya ba ma ranar Juma'a ba. Na ce, "Injiniya, kayanka ba ya aiki. Waya ɗaya ka kasa cikawa, kake cewa za ka cika bas? Allah ya sa ba ka gaya wa mutanen gari ba."

Na ji maganar ta sosa masa rai, amma ya danne. Ya ce in kunna bidiyo in nuna masa. Inna tana wajen dabbobi, na shiga ɗakinta na haska masa teburin.

Ya ce, "Mene ne wannan a ƙarƙashin wayar?"

Na ce, "Faifai ne mana."

Sai da na faɗa sannan na gan shi. Inna ta rufe abin cajin da faifai, ta ɗora wayar a kan faifan. Kwana uku ina shiga ina fita idona bai tsaya a kansa ba, don a gidanmu duk abin da ke da daraja rufe shi ake yi. Nono a rufe, man shanu a rufe, goron baƙi a rufe. Faifai a kan abu ba ya jan idon ɗan gidanmu. Amma da yake ba na son a kama ni da laifi, sai na ce, "To ai kai ka ce wutar tana ratsa kwalta. Faifai ya fi kwalta ne?"

Ya ce, "Gammon titi babba ne, yana tsallaka taƙin hannu guda. Wannan ɗan ƙaramin bai fi kaurin ƙyalle yake iya tsallakawa ba." Ya fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce, "Matso da wayar. Wane faifai ne wannan?"

Na matsa. Mai ja da baƙi ne, mai zanen ƙafar kaza a baki, wanda Inna ta gada wajen uwarta, ba ta fito da shi sai an yi baƙon kunya.

Ya ce, "Da shi take rufe min fura." Daga nan ya ce ana kiransa a wajen aiki, ya kashe.

Na cire faifan, fitila ta kama. Na dawo daga makaranta washegari na tarar an mayar. Na cire, aka mayar. Rana ta uku na kasa daurewa. Na same ta tana tankaɗe, na tsaya a kanta da faifan a hannu.

Na ce, "Inna, abin nan ba nono ba ne. Ƙuda ba zai faɗa ciki ba."

Ta ce, "Mayar inda kika ɗauko."

"In na mayar ba zai yi caji ba. Wayar ma ai shi ya aiko, me ya sa ba ki rufe ta ba?"

Ta ce, "Wayar ta kanti ce, kowa na da irinta. Wancan kuwa aikin hannunsa ne. So kike mata su shigo su ga na baje kayan ɗan fari a fili ina nunawa, na kuma ɗora nawa a kai tsirara? Ba a haife ni a gidan da ake haka ba."

Ashe Inna ta ɗauka Yaya ne ya ƙera abin da hannunsa. Ta ji shekara da shekaru yana maganar gammon jan ƙarfe, ga gammo ya zo a kwali, wa kuma zai yi shi in ba shi ba? Na buɗe baki in gaya mata a kasuwa ya saya kamar kowa, sai wata maganar ta riga ta fita, wadda har yau nake jin kunyarta. Na ce, "To ki ci gaba. In na tafi ya kira ya ji a kashe, ya kira ya ji a kashe, sai ya tabbatar ba kya son sa. Dama tun yana yaro yake zargin haka."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, a hankali, "Ku 'yan yanzu komai sai an faɗa da baki. Wata goma sha tara yana bayana kafin a karɓe shi. Bayan nawa ya sani." Ta ci gaba da tankaɗe, amma ranar ba ta ci tuwo ba, ni ma ban iya ci ba. Na ba ta haƙuri da magariba, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ya fi duka ciwo.

Da na gaya wa Yaya cewa ta ɗauka shi ya ƙera, na ce bari in gyara mata. Ya ce, "Kar ki gyara. Don Allah bar min wannan."

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na jawo batirin da abin cajin waje, Yaya yana kan layi. Tunda Inna ba za ta bar shi a buɗe ba, muka ce bari mu nemo abin da zai rufe shi wutar kuma ta wuce. Na gwada faifai ƙarami, shiru. Na gwada zani ninki huɗu, shiru. Na gwada takardar littafin ɗalibai, fitila ta kama. Ɗankwali shafi ɗaya ta kama, ninki biyu ta kama, da na ƙara ninki sai ta riƙa ƙiftawa tana ɗaukewa. Na ture wayar gefe da faɗin yatsa biyu, ta mutu. Na dawo da ita tsakiya, ta dawo. Yaya ya ce wallahi abin da suke yi ke nan a ɗakin gwajinsu, sai dai su da injuna masu tsada da fararen riguna. Ya ce in gargaɗi Inna kada allura ko kwabo ko makulli ya shiga tsakani, don ƙarfe zafi yake ɗauka. Na ce wannan ne babban aiki, Inna ko a cikin gashinta akwai allura.

Da muka gaji na kwanta rigingine a tabarmar, na ce, "To jirgin sama fa? Na ji ka taɓa ambata."

Ya ce, "Manyan da sauran lokaci. Jirgi ba abin da ya tsana kamar nauyi, gammon da zai cika batirinsa kuwa nauyi ne da shi, gara a jona masa igiya a ƙasa. Amma ƙananan nan marasa matuƙi, su kam ana yi. A ajiye musu faranti a fili, su sauko su zauna a kai, su sha, su tashi. Ba mai taɓa su."

Na kalli sama ta tsakanin ganyen darbejiya. Gajimaren ƙarshen damina suna tafiya a hankali wajen Mainika. Na ga ƙananan jiragen nan farare suna sauka a gonakinmu da yamma kamar balbelu a bayan shanu, kowanne ya nemi farantinsa ya lafe. Wani ya kawo maganin asibiti daga Gwarzo, wani ya gama zagaya gonar wake. Na ga ɗaya ya taso tun daga can, ya tsallaka teku yana sauka yana sha yana tashi, faranti bayan faranti, har ya sauka a tsakar gidanmu da 'yar takarda a ƙafarsa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka layin ya daɗe da yankewa, inuwa ta matsa, wani ya lulluɓe min ƙafafu da zani. Inna tana bakin murhu, kamar ba ta san ma muna gidan ba.

Washegari da safe na shiga ɗakinta gaisuwa, idona ya kai kan teburin. An yanko wani farin ƙyalle marar kauri daga tsohon mayafinta, an kalmashe bakinsa da ɗinkin hannu, an shimfiɗa a kan abin cajin. Wayar tana kai, a tsakiya cif. Faifan kuma an jingina shi a sama, ya yi wa duka biyun rumfa. Na ɗaga gefensa, na ga koriyar fitilar tana haske ta cikin ƙyallen.

Inna tana ninke abin sallarta ta ce, "Ki ce wa mutumin nan na cire allurar."

Caji ya samu. Saura ɗauka. Sau nawa na kira wayar daga tsakar gida don ta koya, tana jan koren da yatsa daidai, ta ce, "Na'am, Auta," har da 'yar dariya. Amma in na ce, "To ranar Juma'a in shi ne fa?" sai ta tuna akwai abin da ta bari a wuta.

Aka yi biki, aka kai ni Gude. Gidan mijina mutanen kirki ne, ɗakina yana kallon wata tsohuwar tsamiya, amma Juma'ar farko tun azahar hankalina yana Lakwaya. Bayan la'asar saƙon Yaya ya shigo. "Ta shiga har ta katse. Sau uku." Juma'a ta biyu, "Sau biyar." Na kira Inna da kaina, ta ɗauka a bugu ɗaya. Na ce me ya sa ba ta ɗaukar na Yaya, ta ce, "Ya gidan naku? Kina gaishe da surukarki da safe dai ko?" Na kashe ina huci. Ni amarya ce, ba halin in fita, ga wuta tana cina a zaune.

Juma'a ta uku ba saƙo. Ta huɗu ma haka. Na rubuta masa, ya amsa da cewa aiki ya yi yawa, ya tambayi lafiyar maigidana. Na ce shi ke nan, ya gaji ya haƙura. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na ji haushin kaina da na yi aure na bar su. Har kuka na yi a bayan ƙofa, maigidana ya ɗauka kewar gida ce kawai, ban gyara masa ba.

Da lokacin zuwana gida na farko ya yi, na ce Juma'a nake so. Na shirya maganganuna tun a hanya, muna kan babur ina jera su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙudurta zan kira Yaya a gabanta, in ɗora mata wayar a kunne in riƙe, in ta ga dama ta yi fushi da ni shekara. Muka isa la'asar ta ɗan gota. Maigidana ya sauke ni a ƙofar gida ya wuce masallaci wajen dattawa.

Ina shiga soro, kafin in yi sallama, na ji muryar Inna. Magana take yi mai tsawo, a sake, irin wadda take yi da ƙawarta ta ƙuruciya. Na ɗauka baƙuwa ta yi. Na leƙa ta jikin zana.

Ba wata baƙuwa a tsakar gidan. Inna tana wajen turke, ta sa wa jar saniyarta dusa a kwano, tana shafa wuyanta tana cire mata kaska. An kife turmi a bayanta, wayar tana kai, fuskarta a kunne. Inna ta ba ta baya.

Tana cewa, "Ke dai ci, ba ruwanki. Gyaɗa ta yi kyau bana, buhunan har sun hana ni wucewa a ɗaki. Dawar ce tsuntsu ya ɗan taɓa ta gefen rafi. Gwiwar nan ta yi sauƙi tunda na daina tsugunno. Auta ta tafi ta bar mu, gidan ya yi faɗi, ba mai yi mana tsiwa." Ta cire wata kaskar ta jefar. "An ce can sanyi har ruwa yana daskarewa. Mai hankali sai ya rufe kunnensa. Wasu tun suna goye kunne ke damunsu."

Saniyar ta ɗago tana tauna. Sai na ji muryar Yaya daga kan turmin, ƙasa-ƙasa, da ladabi.

"Saniya, ki ce an sayi hula. Mai rufe kunne."

Inna ta ce, "To, madalla."

Ta ci gaba da shafa bayan dabbar, ta kai hannu ta komo, ta kai ta komo. Na ɗauka sun gama. Har na ɗaga ƙafa, sai ta sake magana, muryar ta sauka.

"Ni dai idona yana raguwa. Ban gaya wa Auta ba, surutu gare ta, sai ta tara min jama'a. Da safe ina ganinki sarai, da yamma kuwa sai jan kawai nake gani. In mutum yana da niyyar zuwa, ya zo tun ina iya rabe fuska."

Ta wayar na ji Yaya ya ja hanci, ya gyara murya sau biyu.

"Saniya, ki ce kafin ruwan farko. In sha Allahu kafin ruwan farko."

Na janye kaina daga jikin zanar na koma soro, na zauna a kan dakali da ledar tsarabata a cinya. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, kishin saniya. Shekara ashirin ina kai magana ina kawowa, ba a taɓa ba ni irin wannan in kai ba. Hawaye suka zubo min, na bar su, na toshe bakina da mayafi don kada a ji. Daga ciki Inna ta koma labarin wata akuya da ta haifi uku, Yaya yana tambayar saniya ko duk sun rayu.

Maigidana ya dawo daga masallaci ya same ni a nan. Ya buɗe baki zai yi sallama, na kama hannun rigarsa na girgiza kai.

Na ce, "Zauna tukuna. Inna tana da baƙo."